Daga Aleksandros zuwa Iskandar: tambayoyi da amsoshi kan asalin sunan da tarihinsa

Wanda ya zauna tafsirin Suratul Kahfi a watan azumi ya taɓa jin an ambaci Iskandar. Wanda ya yi darasin tarihi a makarantar boko kuma ya haɗu da Alexander. Da yawa ba su san suna ɗaya ba ne, bakuna daban-daban ne suka tauna shi, kowa gwargwadon haƙoransa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai, da masu sauraron tafsiri, da iyaye masu neman sunan da za su raɗa wa jariri suka fi maimaitawa. An fara da masu sauƙi.

Mece ce ma'anar sunan?

Asalin sunan Girkanci ne, kuma a bakin masu shi Aleksandros ne. Harɗaɗɗen suna ne mai ɓangare biyu. Na farko daga aikatau aleksein yake, wato tsarewa, ko karewa, ko kore wani abu daga jikin wani. Na biyu daga aner yake, wato namiji, musamman cikakken namiji da ya isa fita fagen fama. In aka haɗa sai a sami "mai kare maza". Da Bahaushe ne ya ƙera shi, da sai ya ce Tsare-maza, kamar yadda ya haɗa aikatau da suna ya sami Cigari, ko kuma ya kira mutumin Garkuwa kawai.

Akwai ɗan ƙulli a nan. Aikatau ɗin nan yana da fuska biyu, ana tsare aboki da shi, ana kuma tare maƙiyi da shi. Girkawa suna yi wa allolinsu Afolo da Harkil kirari da aleksikakos, "mai kore sharri", ba mai kare sharri ba. Saboda haka wasu masana suna karanta Aleksandros da ma'anar "mai korar mazajen abokan gaba". Ko ta wace fuska aka ɗauka, hoton ɗaya ne: jarumin da ya tsaya tsakanin mutanensa da halaka.

To, Aleksandros da Alexander da Iskandar duk ɗaya ne?

Ɗaya ne. Aleksandros na Girkawa ne, Alexander siffar da Romawa suka ba shi a Latin ce wadda Ingilishi da Jamusanci suka gada, Iskandar kuma ta Larabawa da Farisawa ce. Romawa sun saba datse ƙarshen irin waɗannan sunaye, shi ya sa Menandros ya koma Menander a wurinsu. Yadda aka yi Iskandar ya fito yana da tsawo, an ware masa amsarsa a gaba.

Iskandar Mai Girma ne ya fara amsa sunan?

Ko kusa. Shi ne ma na uku a jerin sarakunan Masedoniya masu sunan. Aleksandros na ɗaya ya yi sarauta tun farkon ƙarni na 5 kafin Miladiyya, zamanin da Farisawa suka kawo wa Girka yaƙi, na biyu kuma ya yi ɗan gajeren mulki wajen shekara ta 370. Wanda duniya ta sani an haife shi a birnin Pella a shekara ta 356 kafin Miladiyya, ɗan Sarki Filibus na biyu da Olimbiyas. Aristotal ne ya karantar da shi. Ya hau gadon sarauta a 336 yana ɗan shekara 20, ya tsallaka Asiya a 334, ya karya rundunar Sarki Dara na Farisa a Isus a 333 da kuma Gogamela a 331, ya kai har Indiya a 326, ya mutu a Babila a 323 bai cika shekara 33 ba.

Abin da ya yi wa sunan shi ne ya fitar da shi daga gida. Kafin shi sunan Girkawa ne kawai. Bayansa ya zama sunan da ake ji daga Masar har bakin kogin Indus. Amma sunan kansa ya girme shi da kusan shekara dubu, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

A ina aka fara ganin sunan a rubuce?

Abin mamaki, shaida mafi tsufa a cikin Girkanci sunan mace ne. A kangon birnin Maisini da ke kudancin Girka masu tonon kayan tarihi sun sami wani allon yumɓu na ƙarni na 13 kafin Miladiyya ɗauke da jerin sunayen mata, ɗaya daga ciki an rubuta shi a-re-ka-sa-da-ra. Rubutun da aka yi amfani da shi, wanda masana ke kira Linear B, kowace alama gaɓa guda take wakilta, baƙi da wasalinsa. Ba ya bambanta r da l, kuma yana yar da baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa. In ka mayar da re ta zama le, ka dawo da n ɗin da aka yar, ka cire wasulan da aka cusa don dole, sai ga Aleksandra ta fito sarai. Shekara da shekaru ba wanda ya iya karanta wannan rubutu, sai a 1952 da wani Bature mai zanen gine-gine, Michael Ventris, ya gano ashe tsohon Girkanci ne.

Shaida ta biyu daga wajen Girka ta zo. A kangon Hattusa, babban birnin Hittiyawa da ke tsakiyar Turkiyya ta yau, an tono wata yarjejeniya da Sarki Muwatalli na biyu ya ƙulla wajen shekara ta 1280 kafin Miladiyya da wani sarki mai suna Alaksandu, mai mulkin ƙasar Wilusa. Tun a 1924 masanin harshe Paul Kretschmer ya ce Alaksandu ba kowa ba ne illa Aleksandros a bakin Hittiyawa. Mafi yawan masana a yau suna ganin Wilusa ita ce Iliyos, wato Taroi, domin tsohon sunan birnin da w yake farawa kafin Girkawa su daina furta wannan sauti.

Wannan ya ja hankali ne saboda a cikin Iliyad, doguwar waƙar Homa kan yaƙin Taroi, ɗan sarkin garin da ya gudu da Helen yana da suna biyu, Faris da Aleksandros, kuma na biyun ya fi yawan fitowa. Tatsuniyar Girkawa ta ce yana saurayi yana kiwo a Dutsen Ida ya fatattaki ɓarayin shanu, makiyaya suka yi masa laƙabi da mai kare maza. Sai ga shi shi ne ya jawo wa garinsu yaƙin da ya cinye mazan garin kakaf. Suna linzami ne, in ji Bahaushe, amma na wannan dokin bai ja shi ko'ina ba.

In kalmar "namiji" aner ce, daga ina d ta shigo cikin andros?

Baki ne ya ƙirƙiro ta. Sunaye a Girkanci suna sauya siffa gwargwadon aikinsu a jimla, kuma a siffar mallaka aner kan rasa wasalinsa na tsakiya, sai n da r su haɗu kai da kai: anros. Harshe yana wahala wurin tsallakawa daga n zuwa r kai tsaye, to a kan hanya sai wata 'yar d ta saƙalo kanta. Gwada faɗin anros da sauri sau biyar ka ji. Faransanci ma ya yi irin wannan, inda kalmar Latin ta toka, cinerem, ta zama cendre.

Daga wannan andros ɗin aka sami Andreas, wanda ya zama Andrew da Andarawus, da Lisandros, da Leyandros, da sauran sunaye masu wannan ƙarshe. Ita ce kuma a cikin Android na wayarka, wadda asalin ma'anarta "mai kama da mutum". A lura, Girkanci yana da wata kalma daban, antropos, don ɗan Adam ko mace ko namiji. Ba ita ce a cikin sunan nan ba. Maza ake nufi, kuma mazan fama.

Ana iya bin saiwar kalmomin ta wuce Girkanci?

Ana iya. Girkanci ɗan dangin harsunan Indiya da Turai ne, tare da Latin da Farisanci da Sanskrit da Rashanci da Ingilishi, kuma duka ɓangarorin sunan suna da 'yan'uwa a can. Aner ɗan'uwan nara ne na Sanskrit, da nar na Farisanci, da njeri na Albaniyanci, duk suna nufin namiji ko mutum. Sunan Nero, sarkin Roma, daga wannan saiwa yake, da ma'anar ƙaƙƙarfa. Aleksein kuma masana suna haɗa shi da rakshati na Sanskrit, "yana tsarewa", kalmar da ke cikin sunan bikin Raksha Bandhan na Indiyawa, inda mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu don ya zama garkuwarta.

Yaya aka yi Aleksandros ya koma Iskandar a Larabci?

Abu uku ne suka faru. Na farko, ƙarshen nan na -os ya faɗi, domin ɗafa-ƙeyar nahawun Girkanci ce, ba ta da aiki a wani harshe. A tsohon Farisanci na zamanin Sasaniyawa ma Aleksandar ake rubutawa. Na biyu, kuma shi ne mafi daɗin labari, kunnen Balarabe ya ji al a farkon sunan sai ya ɗauka alif da lam ɗinsa ne na ta'arifi, irin na al-kitab da al-bait. Tunda ana iya cire wannan al a bar kalma tsirara, sai aka cire, sauran ya zama shi ne sunan. Har yau a rubutun Larabci sarkin al-Iskandar ne, birnin kuma al-Iskandariyya. Na uku, k da s suka yi musayar gurbi, Iksandar ya koma Iskandar. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, shi da ke da bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya, gauraya da garwaya.

Abin dariyar shi ne mu mun yi wa Larabci kishiyar abin da ya yi wa Girkanci. Balarabe ya ga al inda babu ita ya cire, Bahaushe kuwa ya ga al inda take ya ɗauka jikin kalmar ce ya haɗiye da ita. Haka muka sami alƙali, albasa, alheri, almajiri, kuma a wasu kalmomin a ta faɗi l ta maƙale, aka sami lafiya, labari, laifi, liman, littafi. Alƙalami ma ya fi kowa tafiya: kalamos ne na Girkanci, wato kara, ya shiga Larabci ya zama ƙalam, ya iso mana da al a goshi. Dirhami kuma drakma ce ta Girkawa. Ke nan Iskandar ba shi kaɗai ya biyo wannan hanya ba.

Farisawa da mutanen Indiya suna da wata siffar, Sikandar, inda wasalin ya shiga tsakanin s da k maimakon ya zo gabansu. Dabara ɗaya ce ta raba baƙaƙen da suka cunkushe, irin wadda muka yi muka sami burodi da direba. Turkawa kuma Iskender suke cewa.

Yana da alaƙa da kalmar iska ko iskanci? Sanda fa?

Babu ko ta kobo. Iska kalmar Hausa ce, Iskandar kuwa ka ga inda ya fito a amsar da ta gabata, s da k ɗinsa ma juyawa suka yi. Haka Sanda, wanda a wurinmu laƙabin Umaru ne, kamarsa da Sandro na Italiyawa ko Sander na mutanen Holan kamar sauti ce kawai. Kama da wane ba ta wane, kuma a ilimin asalin kalmomi wannan karin magana doka ce.

Zulƙarnaini fassarar Iskandar ce?

A'a. Zulƙarnaini Larabci ne tsantsa, laƙabi ne ba sunan yanka ba: zu, "ma'abocin", da ƙarnaini, "ƙaho biyu". Kalmar ƙarn tana kuma nufin zamani ko al'ummar zamani guda, daga nan muka sami ƙarni, don haka wasu suka fassara laƙabin da mai zamani biyu, wasu suka ce ƙahonin biyu gabas da yamma ne da ya kai. Ba ruwan wannan da "mai kare maza". Alƙur'ani ya kawo ƙissarsa a Suratul Kahfi daga aya ta 83 zuwa ta 98, kuma bai ambaci sunan Iskandar ba.

Haɗin ya zo ne daga malaman tafsiri da tarihi. Ibn Hisham ya ce sunansa al-Iskandar, shi ne ya gina Iskandariyya. Tafsirin Jalalaini, wanda shi ne aka fi ja a masallatan ƙasar Hausa, ya ce sunansa al-Iskandar kuma ba annabi ba ne. Ta nan mafi yawanmu muka fara jin sunan. Fakhruddin ar-Razi shi ma ya karkata can. Wani abin da masu wannan ra'ayi na zamani ke nunawa shi ne kuɗin azurfa da Lisimakos, ɗaya daga cikin kwamandojin Iskandar, ya buga bayan mutuwar Iskandar, ɗauke da hoton kan Iskandar da ƙahon rago. Ƙahon alamar gunkin Amun ne, wanda Iskandar ya ziyarci ɗakin bautarsa a dausayin Siwa da ke hamadar Masar.

Wasu manyan malamai kuwa sun ƙi. Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibn Kasir sun ce Iskandar ɗan Filibus, wanda Aristotal ya yi wa wazirci, mai bautar gumaka ne, Zulƙarnaini kuwa bawan Allah ne mumini. Ibn Kasir ya sanya na Alƙur'ani a zamanin Annabi Ibrahim (AS), ya ce tsakaninsu akwai fiye da shekara 2000. Wasu sun ce wani sarkin Himyar ne na Yaman. A ƙarni na 20 Abul Kalam Azad na Indiya ya kawo hujjoji cewa Sairus ne, sarkin Farisa. Wannan saɓani na malamai ne. Ta fuskar harshe dai magana ɗaya ce, sunayen biyu ba su haɗa saiwa ba.

Shi da ya rushe daular Farisa, me ya sa Farisawa da Musulmin gabas suka rungumi sunansa?

Da farko ba su runguma ba. Littattafan Majusawa na tsohon Farisanci suna kiransa gizistag, wato la'ananne, saboda shi ya ƙone fadar Fasifolis a 330 kafin Miladiyya, kuma suna zarginsa da hallaka malamansu da littattafansu. Abin da ya wanke shi tatsuniya ce. Wani littafin labaran Iskandar da aka tsara da Girkanci a Masar, cike da abubuwan al'ajabi, ya shiga Siriyanci da Larabci da Farisanci da harshen Habasha. A cikin Shahnama, wadda Firdausi ya kammala a 1010, Iskandar ya zama ɗan sarkin Farisa ta wajen uba, ɗan'uwan Dara, ke nan ba baƙo ne ya ci ƙasar ba, ɗan gida ne ya karɓi gadonsa. Wajen shekara ta 1200 Nizami ya rubuta Iskandarnama, inda ya fito a matsayin sarki mai neman hikima.

Daga nan, tare da haɗa shi da Zulƙarnaini da aka yi bayani a sama, sunan ya zama na sarakuna. Sikandar Lodi ya mulki Delhi daga 1489 zuwa 1517. Iskandar Muda ya mulki Ache a tsibirin Sumatra daga 1607 zuwa 1636, sarakunan Malaka kuma suna jingina nasabarsu ga Iskandar Zulƙarnaini. A Habasha ta Kiristoci an yi Sarki Eskender daga 1478 zuwa 1494. Gwarzon Albaniya, Gjergj Kastrioti, wanda ya rasu a 1468, Turkawan Usmaniyya ne suka sa masa Iskender Bey, aka san shi da Skanderbeg, sannan ya juya ya yaƙe su da sunan da suka ba shi. Shugaban Pakistan na farko, a 1956, Iskandar Mirza ne. A Urdu da Hindi kuwa sikandar ta zama kalmar yau da kullum ta wanda ya yi nasara.

Garuruwa nawa ne ke ɗauke da sunan?

Plutak, marubucin Girka na zamanin da, ya ce Iskandar ya kafa birane fiye da 70, masana tarihi na yau suna ganin adadin gaskiya bai kai rabin haka ba. Babbar cikinsu ita ce Iskandariyya ta Masar, wadda aka aza harsashinta a 331 kafin Miladiyya. Akwai Iskenderun a gaɓar tekun kudancin Turkiyya. Akwai wadda Girkawa suka kira Iskandariyya ta ƙarshen duniya, a inda birnin Khujand na Tajikistan yake yau. Herat da Kandahar na Afganistan su ma an yi Iskandariyya a wurarensu. Birni ɗaya ne ya sa wa sunan dokinsa, Bukefalas, a yankin Punjab.

Yaya sunan ya shiga cikin Yahudawa da Kiristoci?

Yahudawa suna da labarin cewa Iskandar ya haɗu da babban malaminsu ya girmama shi, bai taɓa musu ɗakin ibada ba, kuma wata ruwaya ta baya ta ce don godiya aka raɗa wa yaran da aka haifa a shekarar sunansa. Ko ma yaya aka yi, sunan ya zauna. Aleksandros Yannai ya yi sarautar Yahudiya daga 103 zuwa 76 kafin Miladiyya, kuma Yahudawan gabashin Turai sun gajarta shi zuwa Sender. A Sabon Alkawari, Markus 15:21 ya ambaci Saminu mutumin Kurane, wanda aka sa ya ɗauki gicciye, a matsayin uban wani mai wannan suna da Rufus. A wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti kuma Bulus ya koka da wani maƙerin tagulla mai sunan.

A cocin farko an yi waliyyai da shahidai da dama masu sunan, ciki har da bishop na Iskandariyya da ya halarci taron shugabannin coci na Nikiya a 325. Lissafin fafaroma ya kai Alexander na takwas, wanda ya rasu a 1691, amma na biyar ba a ƙirga shi cikin halattattu, don haka bakwai ne.

Me ya sa siffofinsa na Turai suka bambanta haka?

Kusan duk rigimar a kan ks take, wadda Girkawa ke rubutawa da harafi ɗaya, Romawa kuma da x. Italiyawa ba sa son baƙaƙe biyu mabambanta a jere, sai suka narkar da k cikin s, aka sami Alessandro, kamar yadda Maximus ya zama Massimo. A Sifaniya x ta fara zama sh, daga baya ta gangara maƙogwaro ta zama kamar harafin kha na Larabci, kuma daga 1815 hukumar harshen ta ce a riƙa rubuta wannan sauti da j, shi ne Alejandro. Ingilishi ya bar rubutun yadda yake amma yana furta gz, abin da ya sa muke jin Alekzanda. Faransawa da mutanen Fotugal Alexandre suke rubutawa, Rashawa Aleksandr, mutanen Yukren Oleksandr.

Sai gajartawa, wadda ta fi ɓatar da sawu. Hangariyawa sun yar da kai suka riƙe Sándor, Italiyawa Sandro, mutanen Holan Sander. A Sikotilan, inda sarakuna uku suka amsa sunan tsakanin 1107 da 1286, harshen Gelik ya mayar da shi Alasdair, daga nan Alistair da sunan zuriya MacAlister. Sanders da Sanderson ma 'ya'yansa ne. Rashawa sun ɗafa masa -sha ta shagwaɓa, Aleksasha ta koma Sasha, Sasha ta haifi Sashura, ita kuma ta koma Shura, wadda in ka dube ta ba za ka ga ko inuwar Aleksandr ba. Wanda ya san Garba da Habu da Bukar duk Abubakar ne, Mamman Muhammadu ne, Audu Abdullahi ne, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A Rasha darajar sunan daga Aleksandr Nevski take, yariman ƙarni na 13 da cocinsu ya ɗauka waliyyi, sannan sarakuna uku suka amsa shi a ƙarni na 19. Dutse mai daraja da ake kira alekzandarait don girmama na biyunsu aka sa masa suna.

Akwai na mata? Alexis da Alexa duk dangi ne?

Aleksandra ita ce ta mata, kuma kamar yadda aka gani a amsar allon yumɓu, ta riga ta maza bayyana a rubutun Girkanci. Daga gare ta aka sami Sandra da Alessandra da Alejandra. Sasha kuwa a Rasha mace da namiji duk suna amsawa. Aleksis da Aleksiyos sunaye ne masu zaman kansu tun zamanin da, daga aikatau ɗin kaɗai aka gina su ba tare da "maza" ba, ma'anarsu mai tsaro ko mai taimako. Alex gajartawa ce da ke iya zama ta kowannensu. Alexa, muryar na'urar kamfanin Amazon da ta fito a 2014, masu ita sun ce sun zaɓi sunan ne don tunawa da ɗakin karatu na Iskandariyya, da kuma saboda sautin x yana da sauƙin kamawa ga na'ura.

Sunan na Girka ne ko na Masedoniya?

Ta fuskar harshe ba gardama, Girkanci ne, kuma an same shi a kudancin Girka ɗaruruwan shekaru kafin a kafa masarautar Masedoniya. Sunayen gidan sarautar ma Girkanci ne: Filibus "mai son dawaki" ne, Kiliyobatra "darajar uba". Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya ba da labarin yadda Aleksandros na ɗaya ya kafa hujjar cewa zuriyarsa daga birnin Argos na Girka take kafin a bar shi ya shiga wasannin Olimbiya, waɗanda Girkawa kaɗai ke shiga.

Gardamar ta zamani siyasa ce. Bayan wargajewar Yugoslabiya a 1991, Girka ta ƙi yarda maƙwabciyarta ta arewa, wadda harshenta na dangin Slab ne, ta amsa sunan Masedoniya kai tsaye. Abin ya ƙara zafi da aka sa wa filin jirgin saman Skopje, babban birnin maƙwabciyar, sunan Iskandar Mai Girma. A 2018 aka cire sunan, aka sa hannu a yarjejeniyar Prespa, ƙasar ta zama Masedoniya ta Arewa a 2019.

Har yanzu Girkawa suna raɗa shi?

Sosai. Al'adarsu ita ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, kamar yadda mu ma kan mayar da sunan mahaifi mu riƙa kiran yaro Abba, don haka tsofaffin sunaye ba sa mutuwa. A gida sukan ce Alekos. In za a kira mutum ba a cewa Aleksandros, sai Aleksandre, domin Girkanci yana da siffa ta musamman ta kira. Masu sunan suna bikin ranar sunansu a 30 ga Agusta, ranar waliyyi Aleksandros na Kustantiniya, kuma a wurin Girkawa da yawa wannan rana ta fi ranar haihuwa muhimmanci. Birnin Aleksandrupoli da ke arewa maso gabashin ƙasar ba don Mai Girma aka sa masa suna ba, don Sarki Aleksandros ne da ya hau mulki a 1917 ya mutu a 1920 bayan biri ya cije shi.

Musulmi zai iya raɗa wa ɗansa Iskandar? Kuma wanne ya kamata a rubuta da Hausa?

Hukunci na malamai ne, a tambaye su. Abin da tarihi ya nuna shi ne Musulmi daga Turkiyya har Malesiya sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna raɗa shi, kamar yadda jerin sarakunan da ke sama ya nuna, kuma ma'anarsa ba ta ƙunshi bautar wani abu ba. Kasancewar suna ba Balarabe ba ba sabon abu ba ne, malaman nahawu ma suna lissafa Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ cikin sunayen ajami. Mai shirin yin haka a ƙasar Hausa dai ya tuna da gaɓoɓin farko na sunan da bakin yara a makaranta.

Wajen rubutu, in ana maganar sarkin Masedoniya ko birnin Masar, Iskandar da Iskandariyya sun fi dacewa, su ne suka daɗe a bakin malamanmu. In mutumin zamani ne, a bar masa siffar da yake amsawa: Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ba za a mayar da shi Iskandar ba, haka Aleksandr Pushkin na Rasha. In kuwa ana bayanin asalin sunan ne, sai a rubuta Aleksandros da ks, domin x ba ta cikin baƙaƙen Hausa.